Baba Yana Tafiya Birij Duk Asabar: Wasa Ne Ko Caca?

Wata baiwar Allah daga Tudun Wadar Zariya ta aiko da wannan tambaya: "Mahaifinmu ya yi ritaya shekara biyu ke nan. Tun bara, duk ranar Asabar da an idar da Azahar sai ya shirya ya tafi Samaru, wai wasan birij, ba ya dawowa sai gab da Magariba. Mun gano da karta suke yi. Hankalin Hajiyarmu bai kwanta ba, ta ce karta ai caca ce. Shi kuma in an yi masa magana sai ya ce ba za mu gane ba. Don Allah mene ne wannan wasa, kuma me suke yi a can?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika zaɓi ki tambaya. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce mata damuwarta tana da tushe. Duk wanda ya girma a garin nan ya san mutumin da karta ta raba shi da jarinsa, wani ma har da iyalinsa. Mace ta ga mijinta ya tsufa da mutuncinsa sannan ya ɗauki karta, dole gabanta ya faɗi.

Na fi shekara 20 ina buga birij, kuma ni nake tsara zaman da muke yi ranar Asabar a Samaru, ni nake raba gardama in ta taso. Ba ki ambaci sunan Baba ba, amma ba mamaki mun sha haɗuwa da shi a teburi ɗaya. Inda na saɓa masa shi ne cewa ba za ku gane ba. Za ku gane sarai, bayani ne ba a yi muku ba.

Mutum huɗu ke zama a teburi, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Sunan kujerun Arewa, Kudu, Gabas da Yamma. Arewa da Kudu ɓangare ɗaya ne, Gabas da Yamma ɗaya ɓangaren. Kati 52 ne, babu joka, kowa ya samu 13. Dangi huɗu ne, mu a wurinmu muna ce musu mashi, zuciya, lu'ulu'u da ganye. Kafin a jefa ko kati ɗaya sai an yi tayi, kamar yadda ake tayin sa a kara. Duk wanda layi ya zo kansa sai ya faɗi yawan cin da yake ganin shi da abokinsa za su iya yi cikin 13 (kowa ya jefa kati ɗaya, wanda nasa ya fi ƙarfi ya yi ci ɗaya ke nan), da dangin da yake so ya zama mai yanka, wato wanda katinsa ke doke na sauran dangogi, ko ya ce babu yanka, ko ya ce fas. Ci shida na farko ba a faɗar su da baki. Wanda ya ce "mashi huɗu" ya ɗauki alkawarin ci 10 ke nan, wanda ya kai bakwai kuwa ya ce ko ɗaya ba zai bari ba. In mutum uku suka yi fas a jere, tayin ƙarshe ya zama alkawari. Da an yi jifan farko, abokin mai alkawari sai ya shimfiɗa katinsa a fili kowa ya gani, ya kama bakinsa. Mai alkawari ya buga hannuwan biyu, sauran biyun kuma su haɗa kai don su karya shi.

Daɗin wasan a wurin tayin nan yake. Ba ka ganin katin abokinka, kuma ba ka da izinin gaya masa komai sai ta tayi. Tayin kuwa 35 ne kacal, sai fas, sai ninki, sai ninkin ninki. Da 'yan kalmomin nan za ku fahimtar da juna abin da ke hannunku. Ana auna ƙarfin hannu da maki: as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimillar karta duka 40. A tsarin da yawancinmu ke bi, in na buɗe da "babu yanka ɗaya" na gaya wa abokina ina da maki 15 zuwa 17, kuma katina a rarrabe yake daidai-wa-daida tsakanin dangogi. In yana riƙe da 10, nan take ya san mun kai 25 a haɗe, wanda ya isa mu nemi babban alkawari irin mashi huɗu. In mun kai wajen 33 sai mu fara tunanin ci 12. Lissafi ne da tunawa da abin da ya wuce, shi ya sa za ki ga tsofaffin malaman lissafi da injiniyoyi da akantoci suna son sa.

Yanzu ga abin da nake so Hajiya ta saurara da kyau. Me ya sa caca ta zama caca? Abu biyu ne: ana zuba kuɗi wani ya kwashe na wani, kuma sa'ar rabo ce ke yanke hukunci. Ba zan ɓoye miki ba, akwai nau'in birij da ake yi a kan kuɗi. Ana ce masa roba, ana garwaya karta a sake rabo kowane hannu, kuma akwai gidajen wasa a Landan da wasu biranen da suke yin sa da kuɗi. Ba shi muke yi ba. Namu shi ne na gasa, wanda ake kira dufliket, wato mai maimaituwa, kuma an ƙirƙiro tsarinsa ne don a kawar da sa'ar rabo.

Ga yadda yake. Akwai wani ɗan allo mai aljihu huɗu, kowane aljihu na kujera ɗaya. Sau ɗaya tak ake raba karta a zuba a aljihunan. In ana wasa ba a tara kati a tsakiyar teburi kamar yadda ake yi a wot, kowa a gabansa yake ajiye nasa. In an gama kowa ya mayar da 13 ɗinsa aljihun da ya ciro su, a miƙa allon ga wani teburi. Ke nan katin da na riƙe a kujerar Arewa, shi ɗin dai wani zai riƙe a kujerar Arewa ta teburi na biyu, da na uku, har allon ya zagaye ɗakin. Ba a tambayar wa ya samu kati mai kyau. Tambayar ita ce: da kati iri ɗaya, wa ya fi iya sarrafa shi?

Bari in ba ki misali da teburi biyar. A ce allo ɗaya ne, Arewa da Kudu ke da ƙarfi. A tebura biyu sun yi alkawarin mashi huɗu sun ci 10 daidai, kowa ya rubuta 420. A na uku alkawarin ɗaya ne, amma mai bugawa ya gano hanyar ƙarin ci ɗaya, ya rubuta 450. A na huɗu sun ji tsoro sun tsaya a mashi biyu, sun ci 10 ɗin amma 170 kawai suka samu, don ba su yi alkawarin ba. A na biyar mai bugawa ya yi kuskure ya faɗi da ɗaya, abokan karawa suka samu 50. Sai in ɗauki takardar in ba kowane ɓangare maki 2 a kan duk wanda ya fi, maki 1 a kan wanda suka yi kunnen doki. Mai 450 ya samu 8, masu 420 kowa 5, mai 170 ya samu 2, na ƙarshe bai samu komai ba. Ki lura, ɗan bambancin 30 tsakanin 420 da 450 shi ya raba na ɗaya da masu bi masa. Kuma mutum yana iya yini bai riƙe katin kirki ba, amma ya zo na ɗaya, domin masu zama a irin kujerarsa duk wannan mummunan katin suka riƙe, shi kuma ya fi su iya tsaro. Ban ce sa'a ta fita gaba ɗaya ba. Kana iya dacewa da abokan karawa da suka yi maka kyauta. Amma a allo 25, gwani ne ke tasowa sama, kuma in kin duba takardunmu na wata shida za ki ga kusan sunaye ɗaya ne ke yawo a saman.

Kuɗi kuwa, abin da ake bayarwa shi ne kuɗin teburi, kowa daidai da kowa, wanda ya ci da wanda aka ci. Da shi ake sayen shayi da ruwa, a sauya karta in ta tsufa, a sallami yaron da ke share ɗakin. Wanda ya zo na ɗaya ba ya komawa gida da ko kwabo. Abin da yake samu shi ne sunansa a saman takardar da nake turawa zaurenmu na WhatsApp da daddare. Wannan ne ma'aunin da zan ba ki ga kowane zama na karta, namu ko na wasu: a tambaya, wanda ya ci me yake ɗauka? In an ce kuɗin waɗanda aka ci, to Hajiya ta yi gaskiya, a yi wa Baba magana. In ya ciro miki takarda mai layuka da lambobi irin 420 da 170, birij na gasa yake yi.

Hukuncin addini na malamai ne. Akwai waɗanda suke ƙin karta ko da babu kuɗi, saboda ɓata lokaci da kama da masu caca, akwai kuma waɗanda suke sassautawa in babu kuɗi kuma bai shagaltar da mutum daga wajibi ba. Ku kai wa malamin da gidanku ya amince da shi, amma ku kai masa bayanin yadda abin yake, kada a ce masa "karta" kawai a yi shiru. Abin da zan iya shaida shi ne namu tsari. Muna farawa ƙarfe 2:30, allo ɗaya yana cin kamar minti bakwai, in an kira La'asar ina tsayar da wasa ko ana tsakiyar zagaye, 'yan'uwanmu Kirista da ke zuwa daga Wusasa da Sabon Gari su sha shayi su jira mu. Kafin Magariba an tashi. Da azumi rufewa muke yi sai bayan Sallah.

Wasan ba na jiya ba ne. Jikan wani wasan Ingila ne da ake kira wist, kuma tsarin makin da ya haifar da birij na yau wani Ba'amurke ne, Harold Vanderbilt, ya tsara shi a 1925 yana cikin tafiya a jirgin ruwa. Gasar duniya ta Bermuda Bowl ta fara a 1950, aka kafa hukumar birij ta duniya a 1958, kwamitin Olamfik na duniya kuma ya amince da ita a matsayin hukumar wasa ta ƙasa da ƙasa a 1999. A wasannin nahiyar Asiya na 2018 a Jakarta an ba da lambobin zinariya a birij kamar yadda aka bayar a gudu da ninkaya. Ba wasan Turawa kaɗai ba ne: Pakistan ta kai wasan ƙarshe na Bermuda Bowl a 1981 da Zia Mahmood, wanda har yau ake lissafa shi cikin manyan gwanaye, kuma Masar da Turkiyya da Indunusiya duk suna da 'yan wasa masu ƙarfi.

Amma abin da ya riƙe ni a wasan nan shekara da shekaru ba lissafin ba ne, amana ce. A kartar majalisa, ƙifta wa abokinka ido ko taka masa ƙafa wayo ne, har yabon mutum ake yi. A birij wannan shi ne laifi mafi girma. Dokokin gasar, waɗanda bugunsu na 2017 muke aiki da shi, sun hana ka amfana da duk wani abin da ka fahimta daga abokinka ba ta tayi ko katin da ya jefa ba. In ya yi dogon tunani kafin ya ce fas, ka gane yana da wani abu, to doka ta ɗora maka ka guji zaɓin da wannan jinkirin ya nuna maka, matuƙar akwai wani zaɓin mai ma'ana. Ajiyar zuciya, ɓata fuska, buga kati da ƙarfi, duk haka ne. Abin da ya fi ba sababbi mamaki shi ne ba a yarda ku yi yarjejeniyar sirri ba. In ni da abokina mun shirya cewa "ganye biyu" a wani wuri ba ganye yake nufi ba, tambaya ce ko yana da kati huɗu na zuciya ko na mashi, to abokan karawa suna da haƙƙin su tambaya, kuma dole a gaya musu gaskiya dukanta. Ka bayyana wa wanda kake so ka kayar duk makamanka, sannan ka kayar da shi da iyawa. A manyan gasanni har allon katako ake gindayawa a tsakiyar teburi, sama da ƙasa, don kada abokai su ga juna. Duk da haka a 2015 an zargi wasu fitattun 'yan wasa da yi wa juna ishara ta yadda suke ajiye kati, a tsaye ko a kwance, bayan an bi bidiyon wasanninsu dalla-dalla, har wasu ƙasashe suka janye daga gasar duniya ta shekarar a Chennai ta Indiya. Mun yi makonni muna maganar a nan Samaru kamar a gidanmu aka yi, don kowa ya ji an taɓa abin da wasan ya dogara a kai.

Na taɓa ganin wani dattijo a zamanmu ya kira ni da kansa bayan an gama allo, ya ce ya lura yana da zuciya a hannu lokacin da aka nemi zuciya amma ya jefa wani dangi, kuma babu wanda ya gani. Hukuncin ya sauke shi daga na ɗaya zuwa na uku a ranar. Bai yi wata-wata ba ya sa hannu a takardar. Irin mutanen da Baba yake zama da su ke nan.

Kin tambayi me muke yi a can. Gaskiya rabin labarin ƙungiyar birij labarin wa ke wasa da wa ne. Ba ka iya zuwa kai kaɗai. In ka ce za ka zo ka fasa, abokinka ya zauna, ɓangaren da ya kamata su kara da ku su ma su zauna suna kallo zagaye guda, ni kuma in sake tsara ɗakin gaba ɗaya. In muna da tebura biyar, Arewa da Kudu suna zaune, Gabas da Yamma su matsa teburi na gaba, alluna su koma na baya, zagaye biyar allo biyar-biyar, lafiya lau. In muka ragu zuwa huɗu sai in sauya tsari, kowane ɓangare ya haɗu da sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka tun ranar Alhamis waya take fara ƙara: wane zai zo? Wane ya warke? Ki yi tunanin mutumin da ya yi shekara 35 yana fita aiki kullum, ana sallama da shi a ofis, ana neman shawararsa, rana ɗaya aka ce ya huta. Wayarsa ta yi shiru. Na ga abin da wannan shirun yake yi wa maza masu ƙarfi. A wurinmu akwai mutum uku aƙalla da Asabar ɗinsu ba ta cika sai ya zo, kuma in bai zo ba kafin dare an kira shi an ji lafiya.

Abota ce mai wuya, ban ɓoye ba. Abokinka zai yi kuskuren da zai jawo muku sifili a allo, kai ma za ka yi. Dokar da na fi tsanantawa a kai ita ce ba a yi wa aboki faɗa a teburi. A bari sai an tashi, a zauna da takarda a duba. Na ga abokai na shekara goma sun rabu a kan kalma ɗaya da aka faɗa gaban mutane, kuma sai da muka yi wata uku muna kai-kawo kafin suka sake zama suna fuskantar juna. Wanda ya iya haƙuri da abokinsa a birij, gida ma za a ga alama.

Bara mun yi rashin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa zaman, Allah ya jiƙansa. Mun je jana'iza a cikin Birni, muka yi zaman makoki da iyalinsa, Musulminmu da Kiristanmu. Abokin wasansa na shekaru ya daina zuwa, ya ce ba zai iya ɗaga kai ya ga wani a kujerar ba. Ba mu matsa masa ba. Bayan wata biyu na roƙe shi ya taimaka mini da wata ɗaliba da ke koyo ba ta da aboki. Ya zo don ita. Yanzu su biyun suna cikin waɗanda ake shakka a ɗakin, kuma da ya ga ta yi jifa mai kyau sai ka ga ya sunkuyar da kai don kada fuskarsa ta nuna.

Matsaloli akwai su. Lokacin korona a 2020 mun rufe, masu iya waya suka koma Bridge Base Online, inda ake wasa kyauta da mutanen ko'ina a duniya, amma dattawa da yawa ba su bi ba, wasu ba su dawo ba har yau. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa Samaru daga Tudun Wada ko Kongo ko Gyallesu ya zama abin lissafi ga ɗan fansho, shi ya sa yanzu masu mota suke tsayawa a Kwangila da PZ su ɗauki 'yan'uwa. Da damina karta takan sha danshi ta manne, da hunturu ta bushe ta lanƙwashe, sai mun riƙa sauyawa. Babbar damuwata dai ita ce shekaru. Yawancinmu furfura ce, kuma wasan da ba matasa a cikinsa ba ya daɗewa. Dalilin da ya sa muka buɗe darasin sababbi ke nan da ƙarfe 11 na safiyar Asabar, kyauta. Ba ma farawa da tayi, don shi ke korar mutane. Makonnin farko ci kawai ake koyo da ƙirga katin da ya fita, tayi ya biyo baya. Wanda ya iya dara, ya saba hango abin da zai faru bayan jifa uku, ba ya shan wuya.

Shawarata, kada ku tare Baba da tuhuma. Ki ce masa ya koya miki yadda ake ƙirga makin hannu, ki ga yadda zai saki jiki. Sannan ki roƙe shi ya zo da ke Asabar mai zuwa, da Hajiya in ta yarda, akwai mata a zaman, biyu daga cikinsu ma sun fi yawancin mazan iyawa. Muna da kujerun 'yan kallo. Sharaɗin kawai shi ne ki zauna bayan mutum ɗaya, katinsa kaɗai za ki kalla, kada ki yi magana ko ki nuna komai a fuska sai an gama allon. In an tsaya La'asar ki same ni, zan nuna miki takardun maki da littafin da muke rubuta kuɗin teburi, ki duba da idonki ki kai wa Hajiya labari.